MAI DOKI, GA SHANU A GABANKA



Mu mutanen Damagaram mun san doki tun kaka da kakanni. Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni, da dawaki ya tsare ƙasarsa har ya rasu a shekarar 1884. Har gobe, in Sallah ta zo, mahaya sukan taru a ƙofar fada su yi gaisuwa. A ƙauye kuwa doki yana kai mutum kasuwa, ya kai shi biki da ta'aziyya, ya kai shi zagayen gona.

Mun san shanu kuma. Suna ba mu nono da taki, suna jan garma da amalanke. Amma ranar da doki da shanu suka gamu a ƙuntataccen wuri, abu kaɗan ke jawo hatsari. Wani ya karye, wani ƙaho ya huda masa ciki, wani dokinsa ya mutu. Sai a ce tsautsayi ne. Gaskiya ne, komi na Allah ne. Amma Allah ya ba mu hankali don mu kiyaye kanmu. Shi ya sa yau za mu yi magana a kan yadda mai doki zai wuce shanu lafiya.

Lokacin da aka fi gamuwa

Da damina, garkuna da yawa suna arewa, wajen Tanut da Damargu da bayan Gure. In kaka ta yi, sai su gangaro kudu ta burtali, suna neman kara da ruwa. Bayan an saki gonaki, za ka ga shanu ko'ina, daga Mirriya har Magarya da Matamaye. Gonar da ka saba ratsawa jiya ba kowa, yau ka tarar da garke a kwance cikinta.

Waɗannan shanu baƙi ne. Ba su san ka ba, ba su san dokinka ba. Waɗansu sun yi watanni a daji, ba su ga kowa ba sai mai kiwonsu. Kada ka ɗauke su kamar shanun noman da ke ɗaure a ƙofar gidanka.

Mu san halin shanu

Idon saniya yana gefen kanta. Saboda haka tana ganin dama da hagu, har da kusan bayanta, ba tare da ta juya ba. Wuri ɗaya ne ba ta gani: daidai bayan wutsiyarta. In ka ɓullo mata ta nan, za ta firgita. Dabbar da ta firgita kuwa, ko ta gudu, ko ta yi harbi, ko ta juyo da ƙaho.

Shanu ba su iya auna nisan abu da kyau kamar mutum. Abin da ya fi tada masu hankali shi ne motsi na farat ɗaya. Ana cewa sa ba ya son jan tufa. Ba launi ne ke damunsa ba, kaɗawar tufar ce. Babbar riga da iska ke kaɗawa, jelar rawani, laima da aka buɗe da sauri, duk suna iya tada garke.

Kunnensu yana ji ƙwarai. Ihu, ƙarar bulala, ƙararrawar kayan doki da haushin kare suna damunsu.

Kowace dabba tana da iyakar da take yarda baƙo ya matso. Takarkarin gida za ka iya dafa shi. San daji kuwa tun kana nesa zai ɗaga kai ya tsura maka ido. In ka ga shanu sun bar cin kara sun ɗago kai gaba ɗaya, to ka iso iyakarsu. Kada ka ƙara matsawa.

Shanu ƴan bin juna ne. In guda ta zabura, sauran za su bi ta, ko ba su san abin da ya kore ta ba.

Mu tuna da nauyinsu. Babban bajimi yana kai kilo 400, wani ma ya fi. Nauyin buhu 4 na gero ke nan, kowane buhu mai kilo 100. Dawakinmu da yawa ba su kai haka ba. Kuma duk da nauyinsa, sa ya fi mutum gudu.

Shanun ƙasarmu iri-iri ne. Akwai Azawak masu gajeren ƙaho. Akwai jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni, waɗanda ba su cika yarda da baƙo ba. Akwai Kuri na wajen tafkin Cadi masu kaurin ƙaho. Dogon ƙaho yana kaiwa cikin doki, yana kaiwa cinyar mahayi. Gajeren ƙaho ma yana kisa.

Mu san halin doki

Doki dabba ce mai tsoro. In ya ga abin da bai gane ba, dabararsa ta fari ita ce gudu. In an hana shi gudu, sai ya yi tsalle gefe, ko ya tashi tsaye bisa ƙafafun baya, ko ya yi harbi.

Dokin da ya tashi a ƙauye cikin dabbobi bai cika damuwa da shanu ba. Dokin barga, wanda ya saba da turke da hatsi, ba a fito da shi sai kilisa ko hawan Sallah, shi ne abin tsoro. Ƙarfi ya taru masa, ga shi bai saba da garke ba. Haka ɗan dukushi da ake koya ma sirdi, da goɗiya mai ɗa a bayanta.

Doki yana jin mahayinsa. In gabanka ya faɗi ka ƙanƙame shi da ƙafa, zai san akwai abin tsoro. In ka zauna daidai kana yi masa magana a hankali, shi ma zai natsu.

Linzamin ƙasarmu yana da zafi a baki. In ka fizge shi da ƙarfi lokacin da doki ya tsorata, zai iya tashi tsaye ya faɗo da baya a kanka. Mahaya da yawa ta haka suka karye, ba sa ne ya taɓa su ba.

Shanun da suka fi hatsari

Na ɗaya, saniya mai sabuwar haihuwa. Ita ce kan gaba. Saniyar da yara ke tatsa jiya, yau in ta haihu za ta iya tasar wa doki. Kwanakin farko sun fi tsanani. Wani lokaci maraƙin yana kwance cikin kara ko gindin sabara, ba ka gan shi ba. In ka ga saniya ita kaɗai nesa da garke, tana kallonka tana kuka ƙasa-ƙasa, ka ɗauka akwai ɗa kusa. Kada ka taɓa shiga tsakanin uwa da ɗanta. Shanu da yawa suna haihuwa a ƙarshen bazara da farkon damina, amma a kowane wata ana samun mai jego cikin garke.

Na biyu, bajimi, musamman in yana bin saniya, ko yana faɗa da ɗan'uwansa. Bajimai biyu in suna kokawa ba su ganin kowa. Wanda aka kayar yakan fita da gudu, ya bi ta kan duk abin da ke gabansa.

Na uku, san turke, wanda aka ɗaure ana kiwata shi don kasuwa. Ya saba da mutane, ba ya jin tsoronsu. In ya tsinke igiya, ya fi na daji wuyar tarewa.

Na huɗu, ƴan maruƙa da karsana. Su ba faɗa suke nema ba, son gani ne. Sukan biyo doki a baya suna tsalle. In ka yi sukuwa, su ma su sheƙa. Kafin ka ankara garke duka yana bayanka.

Na biyar, dabba mai ciwo ko rauni, da wadda ƙudan bobuwa ya dama. In ka ga saniya tana kuka ba fasawa, miyau yana zuba, tana kai wa komi tunkuyi, yi nesa da ita. Mai yiwuwa haukan kare ne ya kama ta. Kada kowa ya sa hannu a bakinta. A sanar da ma'aikatan kiwo nan da nan.

Alamun da sa ke nunawa

Sa bai cika tasowa haka kawai ba. Yakan yi gargaɗi tukuna.

Zai juyo maka gefensa, ya gantsare, don ka ga girmansa. Zai sunkuyar da kai, ƙahoni suna kallonka. Zai tona ƙasa da kofato yana watsa turɓaya a bayansa. Zai yi huci, ya girgiza kai, ko ya soki ƙasa da ƙaho. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba sauran jayayya. Canza hanya.

Ku dubi hawan ƙaho da mahauta ke yi a Birni lokacin Sallah. Sai an ɗaura wa sa igiya a kai da ƙafar baya, ƙarti suna riƙe da ita ta kowane gefe. Masu wasan sun gaji abin, sun san lokacin shiga da lokacin kaucewa. Duk da haka wani lokaci sa yakan ji masu ciwo. To, ina ga mutum guda a tsakiyar gona, ba igiya, ba mataimaki?

Kafin ka bar gida

Duba majayi. In ya yi sako-sako, ranar da doki ya yi tsalle gefe sirdi zai juya, ka tsinci kanka ƙarƙashin cikinsa. Bayan ka ɗan yi tafiya, sauka ka sake ɗaure shi.

Duba linzami da ragama da igiyar likkafa. Fatar da ta bushe ta tsattsage, a canza ta ko a kai wa baduku.

Kada ka cusa ƙafarka duka cikin likkafa. Sa gaban ƙafa kawai. Mutumin da ya faɗi ƙafarsa ta maƙale, doki zai ja shi a ƙasa, kuma wannan yana kisa.

Tattara rigarka, ka soke jelar rawani.

Tambayi mutanen gari inda baƙin shanu suka sauka. Mai tambaya ba ya ɓata. Kuma ka faɗa wa iyalinka hanyar da za ka bi.

In da hali, kada ka ratsa gonaki da almuru ko da dare. Shanu sukan kwanta cikin kara, doki ba zai gan su ba sai ya zo kansu.

In kana bisa doki

Da ka hango garke, rage tafiya tun daga nesa. Kada ka iso masu da sukuwa ko sassarfa.

Tsaya ka duba. Ina makiyayi? Ina bajimi? Akwai ƙananan maruƙa? Ina za ka bi in abu ya ɓaci?

Yi sallama da murya, don shanu su san mutum ne, makiyayi kuma ya ji ka. In yana kusa, ku gaisa. Ka ce masa: "Sannu da kiwo, Malam. Ta ina zan bi?" Shi ya san dabbobinsa ɗaya bayan ɗaya. Zai ce maka: "Bi ta gabas, waccan ja jiya ta haihu." Ko ya kira su da kansa ya buɗe maka hanya. Sau da yawa yaro ne ke kiwon. Kada ka raina shi. Shanun sun fi jin maganarsa da taka.

Kewaya garke, kada ka keta tsakiyarsa. Bar fili mai yawa, ko da taki 50 ne, in kuwa akwai bajimi ko mai jego, ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka matse shanu a jikin shinge, ko bakin kwazazzabo, ko gindin dutse. Dabbar da ba ta da wurin gudu, kanka za ta biyo.

In kuna da yawa, kamar masu rakiyar ango ko masu dawowa daga hawan Sallah, ku jeru ɗaya bayan ɗaya. Dokin da ya fi natsuwa ya shiga gaba. Kada a yi tsere, kada a buga bindiga, makaɗa su dakata har a wuce.

In maruƙa suka biyo ka, kada ka gudu. Juyo da doki ka fuskance su, ka yi masu magana da kakkausar murya. Za su tsaya. Sa'an nan ka ci gaba da tafiya sannu. In sun sake biyowa, ka sake juyowa.

In ka san dokinka mai tutsu ne, sauka tun kana nesa ka ja shi. Amma in ka riga ka shiga cikin shanu, zama bisa sirdi ya fi. Mutum a ƙasa tsakanin ƙafafun doki da na shanu yana cikin hatsari biyu.

In kana jan doki

Yi tafiya daidai kafaɗarsa. In kana gabansa, zai iya bi ta kanka. In kana bayansa, ka shiga wurin harbi.

Kada ka naɗe igiya a hannu, ko a wuyan hannu, ko a ƙugu. Ninka ta ka riƙe cikin tafi, yadda za ka iya saki nan take. Igiyar da aka naɗe tana cire yatsa.

In shanu suna nesa suna kiwonsu, ka tsaya ta gefen da suke. Ga dalili: doki in ya tsorata, yakan yi tsalle ya nisanci abin da ya ba shi tsoro. In kana ɗaya gefen, a kanka zai faɗo.

Kada mutum ɗaya ya ja dawaki biyu ko uku ta kusa da garke. In goɗiya ce mai ɗa, a sa wa ɗan igiya, wani ya riƙe shi. Dukushi sake yakan ruga cikin shanu don wasa, uwar kuma ta fizge ta bi shi.

Kada ka ɗaure doki ko ka yi masa dabaibayi a hanyar da shanu ke bi. In sun taso, ba shi da ikon kaucewa.

Burtali, rijiya da kasuwa

Burtali hanyar dabbobi ce. In ka gamu da garke a ciki, kai ne za ka ba da hanya. Koma baya zuwa wuri mai faɗi, ka juyo da kan doki wajen shanun, ka jira su wuce. Doki ya fi natsuwa in yana ganin abin da ke wucewa.

Bakin rijiya da rani wuri ne mai wuya. Shanu sun sha ƙishirwa, wasu kwana biyu ba su ga ruwa ba. Suna ture juna, ba su jin kira. Kada ka kutsa da doki wajen kwami. Ɗebi ruwa a bokiti ka kai masa gefe, ko ka jira layinka. Ka kula da igiyar da takarkari ko raƙumi ke ja daga rijiya. Doki in ya yi tuntuɓe da ita, da shi da mai jan ruwa duka za su ji jiki.

Ranar kasuwa, kamar Alhamis a Damagaram ko Lahadi a Mirriya, hanyoyi sukan cika da shanun sayarwa. An raba su da garkensu, an kora su tun asuba, ransu a ɓace yake. In ka ga mutane biyu suna riƙe da sa da igiya gaba da baya, ka san ba na wasa ba ne. Ba su wuri.

Maganar kare

Mahaya da yawa suna tafiya da kare, musamman ƴan farauta. A wurin saniya mai ɗa, kare da kura duk ɗaya ne. Kare zai yi haushi, saniya ta biyo shi, shi kuma ya gudo ya ɓuya ƙarƙashin dokinka. Ka ga ya jawo maka masifa.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A Ingila, inda hanyoyin ƙafa ke ratsa makiyaya, shanu suna kashe masu tafiya, kuma sau da yawa akwai kare a wurin. Shawarar da hukumominsu ke bayarwa ita ce: riƙe kare da igiya kusa da shanu, amma in sun taso, sake shi. Kare ya fi ka gudu, zai tsira da kansa. Abin da ya fi duka shi ne a bar kare a gida.

In sa ya taso maka

In yana gargaɗi ne bai taso ba, ja da baya sannu, idonka a kansa. Kada ka ba shi baya kana kusa. Kada ka zage shi da bulala don nuna jarumtaka.

In ya taso kana bisa doki, juya ka fita ta fili, wajen da ba shanu. Doki ya fi sa gudu in hanya a buɗe take. Ka kula da kututturen kara da ramukan gafiya. Da yawa sa yakan tsaya in ya ga ka bar masa wurinsa.

In kana ƙasa, saki doki. Kada ka ce sai ka cece shi. Doki zai gudu, yawanci ma gida zai koma. Kai kuwa nemi abin da za ka sa tsakaninka da sa: gawo, aduwa, rumbu, amalanke, tarin kara. Ka riƙa kewaya shi kana kiran taimako. Jefar da hula ko riga gefe guda, wani lokaci sa yakan tsaya a kanta.

In ya kayar da kai, kada ka miƙe tsaye a gabansa. Dunƙule jikinka, ka rufe kai da wuya da hannuwa. In akwai rami ko shinge kusa, mirgina can.

In an ji rauni

Raunin ƙaho yana da ruɗi. Bakinsa ƙarami ne, amma cikinsa yana da zurfi, kuma ƙaho yana ɗauke da ƙazanta.

A danne wurin da tsumma mai tsabta don jini ya tsaya. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu. Cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar ciwon tetanos take. Wannan ciwo yana sa haƙora su sarƙe, jiki ya sandare, kuma yana kisa. Akwai allurarsa a likita. Ko rauni ya yi kamar ƙarami, a je a nuna shi a ranar.

In a ciki ne ƙaho ya shiga, kada a ba mutum ruwa ko abinci. In hanji ya fito, kada a tura shi ciki. A rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da dafaffen ruwa da ya huce, a garzaya da shi.

Wanda ya faɗo daga doki yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi a zaunar, kada a ja shi. A kwantar da shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa kada ya motsa.

Wanda sa ya taka ko ya matse, ko ba jini a waje, a sa masa ido. In yana zufa mai sanyi, yana jin jiri da ƙishirwa, ciki yana ciwo, to jini yana zuba a ciki. Wanda kansa ya bugu, in yana amai ko barci yana rinjayarsa, shi ma haka. Waɗannan ba na jira ba ne. A kai su likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Damagaram.

Doki ma a duba shi, musamman ciki da cinyoyi. Tetanos yana kama doki da sauri. A wanke raunin da ruwa da sabulu, a kira ma'aikacin kiwo.

Hatsarin da ya fi rauni

Akwai wani abu da mahaya ba su cika tunawa ba. A ce ka zo da sukuwa ka tarwatsa garke. Shanu suka faɗa gonar wake da ba a girbe ba, ko garkar rani. Kai ka wuce abinka. Mai gona ya zo ya tarar da ɓarna, ya kama yaron da ke kiwo. Magana ta zama faɗa, faɗa ya zama na dangi.

Mun san inda irin wannan rigima ke kaiwa. A shekarar 1991, a Toda, cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah kada ya maimaita mana.

Gwamnati ta kafa dokar karkara a shekarar 1993, ta ƙara dokar kiwo a shekarar 2010. Dokokin nan sun tsare burtali da makiyaya da mashaya, ba a noma su, ba a toshe su. Kowace shekara hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki. In an yi ɓarna, ba a ɗaukar doka a hannu. A je wurin mai gari ko hakimi a sasanta. In dokinka ne sanadi, tsaya ka taya korar shanun, ka faɗi gaskiya a gaban mai gona. Haka dattijo ke yi.

Iyaye, ku ja kunnen yara

Yara ne ke kai doki shan ruwa da yankan ciyawa. Sukan hau ba sirdi, su yi tsere, wani lokaci su kori maruƙa don wasa. Ku hana su. Yaron da bai isa ya tsai da doki ba, bai isa a aike shi da shi ta wajen garke ba. Ku nuna masu yadda ake riƙe igiya. Ku koya masu gaida makiyayi.

Mai sabon doki kuma ya saba masa da shanu tun a gida. A ɗaure shi inda zai riƙa ganin shanun noma. Bayan kwanaki a zagaya da shi kusa da su, tare da wani tsohon doki mai hankali. Da haka tsoro ke fita.

Mu tattauna a makaranta

Bayan kun karanta, malami ya tambaya, kowa ya faɗi abin da ya sani:

1. Ta ina burtali ya bi a ƙasar garinmu, kuma a ina ya fi ƙunci?
2. Waɗanne alamu sa ke nunawa kafin ya taso?
3. Me ya sa ba a naɗe igiyar doki a hannu?
4. In wani ya ji rauni yau, wace likita ce ta fi kusa, kuma da me za mu kai shi?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ku kai wannan jarida dandali, ku kai ta ruga da bakin rijiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu, da mu da dabbobinmu. Amin.